Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Annobar Ebola da ta mamaye Afirka ta Yamma a shekarar 2014 ta hallaka mutane fiye da 11,000, kusan dukkansu a Gini da Laberiya da Saliyo. Ba ƙarfin cutar kaɗai ya jawo wannan asara ba. Ta tarar da asibitoci ne babu isassun ma'aikata, babu ɗakunan gwaji. Da ta shigo Legas a watan Yulin shekarar, mutum 20 ta kama, 8 suka rasu. Daga cikin abin da ya cece mu akwai jami'an yaƙi da shan-inna, waɗanda aka juya su ga bibiyar duk wanda ya cuɗanya da mai cutar.

Darasin a bayyane yake: tsarin da aka gina tun ana zaman lafiya shi ke tare annoba. Abin takaici, ba mu riƙe shi ba. A 2023 mashaƙo ya yi ɓarna a Arewa, musamman Kano, alhali allurarsa na cikin rigakafin da ya kamata kowane jariri ya samu kyauta. Yaron da mashaƙo ya shaƙe shaida ne cewa asibitin unguwarsu ya daɗe da mutuwa.

A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Maimakon haka, muka jingina da masu ba da agaji, kowa da cutar da ya zaɓa: wannan maleriya, wancan tarin fuka, wancan ƙanjamau. Da Amurka ta rufe hukumarta ta USAID a 2025, ƙasashe matalauta suka gane cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka muna kira ga gwamnoninmu da su rage ɗokin gina manyan asibitocin da ake yanka kyalle a gabansu, su waiwayi na matakin farko. Kowace mazaɓa na buƙatar ungozoma da ke kwana a bakin aiki, da firjin allurai mai aiki da hasken rana, da albashi a kan kari, da jami'in da zai kai rahoton baƙuwar cuta tun ba ta yaɗu ba. 'Yan majalisa kuma su bi sawun kuɗin asusun da Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa, har ƙauyen da aka nufa.

Wata annobar na tafe, ko shakka babu. Abin da za ta tarar, shi ne a hannunmu.