Rabon Mata Cikin Amfanin Gona

Ga kaka ta kama. An yanke gero, an cire gyaɗa, ana roron wake, dawa kuwa ta kusa girbi. Wannan shi ne lokacin da ko wane magidanci ya kan zauna ya yi lissafi: dami nawa za a zuba rumbu, buhu nawa za a kai kasuwa, nawa za a biya bashin taki, nawa za a ajiye na iri. Harawa ma a kan ɗaure ta a ɗora bisa itace saboda shanun huɗa da ragon Layya. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wani lissafi wanda ba safai a kan yi ba, watau rabon matan gida, musamman mai ciki da mai goyo. A kan wannan filin noma na makon nan zai tsaya, domin in ba a yi lissafin nan da kaka ba, kafin bazara babu sauran abin lissafawa.

BUKATAR JIKI BA ƊAYA BA CE

Galibin mutane suna ɗauka cewa namiji ya fi mace bukatar abinci mai kyau, tun da shi ke riƙe da garma. Ta wajen yawan tuwo, da gaskiyarsu. Amma ta wajen abin da ke gina jini maganar ta juya. Akwai wani sinadari cikin abinci wanda likitoci ke kira ƙarfe, da shi jiki ke yin jan jini. Bisa ga ma'aunin masana abinci na Amurka, namiji babba yana bukatar miligiram 8 na sinadarin nan ko wace rana. Mace mai ganin al'ada tana bukatar 18, saboda jinin da ta ke zubarwa wata wata. Mai ciki kuwa 27 ta ke bukata, watau fiye da ninki uku na mijinta, domin jinin jikinta ya kan ƙaru da kusan rabi, ga kuma ɗan da ke cikinta yana ɗibar nasa.

To, a duba yadda a ke rabon abinci a gidaje da yawa. Akushin maigida a ke fara zubawa, a ɗora masa tsokar da ta fi kyau. Sa'an nan samari, sa'an nan yara. Wadda ta yi surfe, ta yi daka, ta sha hayaƙi, ita ce ta ƙarshe, wani lokaci ma ƙanzo ne rabonta. A birni kuma ga wata al'ada. Akawu ko ɗan kasuwa ya tsaya wurin mai shayi da safe a soya masa ƙwai, da dare ya biya ta wurin mai tsire, alhali kuwa miyar gidansa ta yi mako ba ta ga nama ba. Ba mugunta ke sa haka ba. Haka aka tashi aka tarar, kuma ba wanda ya gaya wa mutane cewa mai ƙaramin kwanon ita ce mai babbar bukata.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya sami ƙarancin jini a jikin mata 58 cikin ko wane 100 masu shekara 15 zuwa 49. Alamunsa sanannu ne: jiri, haki in an yi ɗan aiki, bugun zuciya, da farin ido in an ja fatar ƙasa an duba. A kan ce da irin wannan mace raguwa ce, ko a ce son jiki gare ta, alhali jini ne babu.

Damina kuma ita ce ta fi tsanani. Lokacin ne rumbu ya ke ƙasa, lokacin ne aiki ya fi yawa, lokacin ne kuma sauro ya ke tashe. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jini, ya kuwa fi kama mai ciki, balle mai cikin fari. Mace mai isasshen jini ta kan jure zubar jinin haihuwa. Wadda ta shiga naƙuda da jini kaɗan, abin da wata za ta zubar ta tashi, ita shi zai kai ta kabari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata 287,000 suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, 82,000 daga cikinsu a Nijeriya, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Wannan ba sabon sani ba ne. Wani likitan mata, Farfesa Kelsey Harrison, ya bi haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Ya tarar mutuwa ta fi yawa ƙwarai cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Ya kuma lura cewa 'yan mata ƙanana masu cikin fari, da aka ba su maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, har tsawo suka ƙara kafin su haihu. Ke nan jikinsu bai gama girma ba, abin gina shi ya rasa.

AIKIN DA BA A ƘIRGAWA

Wani zai ce, ina ruwan filin noma da maganar asibiti? Amsa ita ce, gona ba ta ƙarewa a bakin kunya. Daga ranar da amfani ya shigo gida, hannun mata ya ke komawa. Su ke sussuka da sheƙa, su ke ɓarar gyaɗa su matse mai su toya ƙuli-ƙuli, su ke turara shinkafa, su ke yin daddawa da fura. A wurare da yawa kuma, kamar ƙasar Maraɗi da kudancin Kaduna, mace tana da gonarta, tana kuma taya noman gandu. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa a 2011 cewa mata su ne kashi 43 cikin 100 na masu aikin gona a ƙasashe masu tasowa. Ta ce kuma da za su sami taki da iri da rance da shawara kamar yadda maza ke samu, da amfanin gonakinsu ya ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

Saboda haka in uwargida ta kwanta, rabin aikin gonar ne ya kwanta. Gyaɗa ta yi fumfuna a buhu, awaki su rame, a cire yarinya daga makaranta ta riƙe tukunya. In kuwa ta rasu, jinjirin da ta bari da wuya ya yi ƙwari. Manomin da ya ƙi sayar da tiya biyu don kuɗin motar zuwa awo, shi ne ya kan sayar da sa guda don biyan jini da aikin tiyata, wani lokaci ma bayan duk wannan a dawo da gawa.

Ma'aikatan gona su ma suna da nasu laifi cikin wannan. Shekaru da yawa malamin gona namiji ne, zaure kuma shi ne iyakarsa. Ya yi wa maigida bayanin taki da feshi, ya hau kekensa ya tafi. Wadda ke ajiyar wake da kiwon kaji tana cikin gida, ba ta ji komai ba. Sai a 1988 aka kafa sashen mata cikin hukumomin raya aikin gona na jihohi, don malamai mata su riƙa shiga har tsakar gida. Shawara ce mai kyau, amma ƙauyuka nawa ne suka taɓa ganin malamar gona?

Haka abin ya ke ga dabbobi. Shanu, waɗanda galibi na maza ne, an yi musu gagarumin yaƙin allurar bushiya tun 1962 a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, har aka ba da sanarwar ƙarewar cutar a duniya a 2011. Awaki da tumaki kuwa, dukiyar mata, suna da tasu annoba mai zawo da majina wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, amma sai a 2015 duniya ta ɗaura niyyar kawar da ita, aka sa 2030 ta zama wa'adi. Akuya ita ce asusun mace. Ita ta kan sayar in yaro ya yi zazzaɓi ko haihuwa ta zo da gardama. In annoba ta share turke, kuɗin maganin gidan ne ta share.

ABIN DA MASU MUSU KE CEWA

Akwai masu cewa wannan magana ce ta daidaita mace da namiji, al'ada kuwa ba ta san haka ba. To, ba a ce a raba tuwo da ma'auni ba. Abin da a ke nema shi ne a ba kowa gwargwadon bukatarsa. Manomi ya fi kowa sanin wannan. Ba ya ba gero da masara taki ɗaya, kuma tunkiya mai ciki ita ya ke ware wa dusa da harawa. Ba a haɗa ɗan Adam da dabba, amma abin kunya ne a ce hikimar da aka yi a turke ba a yi ta a tsakar gida ba. Ciyar da mace da kula da lafiyarta kuwa haƙƙi ne da ke wuyan miji tun ranar ɗaurin aure, ba baƙon abu ba ne da aka kawo daga wata ƙasa.

Waɗansu kuma su kan ce babu ce ta kawo haka. Lalle akwai babu, ba mai musun wannan. Amma yawancin abin da ke gina jini daga gonar talaka ya ke fitowa. Wake, waken suya, gyaɗa, riɗi, zogale, rama, alayyaho, ga su nan. Gero ma ya fi farar shinkafa ƙarfe nesa ba kusa ba. A 2018 an fito da wani irin gero a Nijar mai suna Chakti, wanda cibiyar bincike ta ICRISAT ta samar musamman saboda yawan ƙarfensa. Abin da ke faruwa shi ne a kan kwashe wake da gyaɗa kaf a kai kasuwa da kaka, lokacin da su ke da araha, a bar gida da tsabar hatsi da kuka.

ABIN YI KAFIN A RUFE RUMBU

Na farko, a ware wake na ci tun yanzu. Tiya guda a mako tiya 52 ke nan a shekara, watau buhu guda mai tiya 40 da 'yan kai. A zuba shi cikin jarka ko buhu mai leda uku a ɗaure tam yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwari za su mutu ba tare da an barbaɗa guba ba.

Na biyu, a dasa zogale ko gindi biyar a bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke ke bi. Ran kasuwa kuma a sayo hanta ko ta 'yan kuɗi kaɗan, a sa a hannun mai ciki, kada a bari ta bi layin rabo. Ƙwan kajinta ma kada a kai kasuwa duka. Lemun tsami da gwaba da tumatir suna taimakon jiki ya sha ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa yana hana shi, saboda haka a raba shi da lokacin cin abinci.

Na uku, a ware kuɗin haihuwa yadda a ke ware iri, kada a taɓa su don biki ko suna. A yi magana da mai mota tun da wuri, domin jinin haihuwa in ya ɓalle yana iya kashe mace cikin awa biyu. Maigida mai fita fatauci ko cin rani kuma ya bar izini a bayansa, ya faɗa gaban mahaifiyarsa da ƙaninsa, cewa in ciwo ya tashi a tafi asibiti kada a jira shi.

Na huɗu, mai ciki ta fara awo da wuri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. A can a ke ba da ƙwayar ƙarin jini ta kullum, da maganin rigakafin zazzaɓi wanda a kan fara bayan ciki ya cika wata uku, a sha aƙalla sau uku, wata guda tsakani. In gidan sauro ɗaya ne a gida, mai ciki da jinjiri su suka fi cancanta da shi.

Na biyar, a yi wa awaki da kaji allura. Allurar PPR guda tana tsare akuya shekara uku ko fiye. Ta annobar kaji kuwa, wadda a ke yi a Vom, ɗigo ne a ido, ya kamata a yi ta kafin hunturu ya kankama. Masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin manoma su riƙa neman a turo musu malamar gona, su kuma buɗe mata ƙofa in ta zo. Iyaye kuma su bar 'ya'yansu mata su yi karatu, domin malamar gona da ungozomar asibiti da kowa ke so matarsa ta gani, daga gidan wani za su fito.

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. A kan auna manomi da yawan damin da ya ɗaure, to, ya kamata a riƙa haɗawa da lafiyar waɗanda za su sussuke damin. Rumbu yana buɗe yanzu, wake yana da araha, kuɗin gyaɗa suna aljihu. Wanda zai yi lissafin nan ya yi shi cikin makon nan. Allah ya sa a ci amfanin bana lafiya.