Ƙetare gadar Ngueli ba izinin aiki ba ne



A taron N'Djamena na Oktoban 2017, shugabannin CEMAC, ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka, sun tabbatar da soke biza tsakanin ƙasashensu shida. Sai dai abin da aka bayar ziyarar kwana 90 ce. Magini ko makaniken Walia da ya ƙetare gadar Ngueli zuwa Kuseri ta Kamaru neman aiki, in wa'adin ya cika sai ya nemi takardar zama. Masu cewa baƙi za su ƙwace aikin 'yan gida su sake dubawa: ai marar takarda ake biya da arha, don ba shi da bakin kai ƙara, kuma shi ke karya ladan kowa. A yi masa rajista, ya biya haraji, a bar shi ya yi sana'arsa.

Wassalam,
Mai karatu daga Walia, N'Djamena