Sharhi: Gudu da Firgici, da Abin da Suke Yi wa Zuciya



A shekarar 1990 wani likita a birnin Hiroshima na ƙasar Japan, Hikaru Sato, da abokan aikinsa suka bayyana wani ciwo da ya ɗaure musu kai. Za a kawo mutum ƙirji na ciwo, numfashi ya sarƙe, kowa ya ɗauka bugun zuciya ne, amma in an duba jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini sai a tarar babu wadda ta toshe. Ashe ɗakin hagu na zuciya ne, wanda ke tura jini ko'ina a jiki, gindinsa ya saki ya kumbura, samansa kaɗai ke matsawa, ya koma kamar tulu mai siririn wuya. Suka sa wa ciwon suna takotsubo.

Ana kyautata zaton mafarinsa sinadarin adirenalin ne da danginsa, waɗanda jiki ke saki lokacin tsoro ko aikin ƙarfi. Da kaɗan daga cikinsu ɗan kokawa ke samun ƙarfin kayar da abokin karawa. In suka kwararo da yawa a lokaci guda, sai su sumar da naman zuciya. Wani babban bincike da aka buga a 2015 kan majinyata 1,750 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 mata ne, akasarinsu waɗanda suka daina haila. Kashi 36 wahalar jiki ce ta tayar musu da shi, kusan kashi 28 kuma tashin hankali. Cikin wahalar jikin akwai rashin lafiya mai tsanani da tiyata, an kuma ga waɗanda ya kama bayan gudun dogon zango ko iyo.

To samarinmu masu kokawa bayan kaka, da masu taka leda da yamma, ku ci gaba. Motsa jiki lafiya yake ƙara wa zuciya, kuma da wuya wannan ciwo ya kama matashi. Sai dai duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko jiri ya ɗebe shi a fili, ya fita nan take, kada kiɗa da kirari su mayar da shi.

Gudun da ya fi damuna ba na fili ba ne. Gudun dare ne. Mun san yadda 'yan bindiga suka mayar da ƙasar Gobir, mun san dubban da suka tsere tsallaken iyaka zuwa jihar Maradi. Ku dubi gyatuma mai shekara sittin, an tashe ta daga barci da ƙarar bindiga, ga jika a baya, ta keta gonaki a guje cikin duhu. Abubuwa biyun da likitoci suka lissafa, wahalar jiki da firgici, sun haɗu mata a dare ɗaya, kuma shekarunta su ne ciwon ya fi nema. A Japan ma, bayan girgizar ƙasar Niigata ta 2004, masu wannan ciwo sun ƙaru sosai, galibi tsofaffin mata.

In gari ya waye ta ce ƙirjinta na mata nauyi, me muke cewa? Tsoro ne, Inna, sha ruwa ki kwanta. Ko a ce iska ta taɓa ta. A yi mata addu'a, wannan wajibinmu ne, amma a kai ta asibiti ranar. Ido ba ya bambanta wannan ciwo da bugun zuciya, sai an yi gwajin na'ura da hoton zuciya. Yawanci zuciyar kan dawo daidai cikin 'yan makonni, sai dai kwanakin farko su ne masu haɗari: ruwa na iya taruwa a huhu, bugawar zuciya ta rikice, har a rasa rai.

Na san kai majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ba ƙaramin abu ba ne a kan wannan hanya da wannan tsada. Shi ya sa muke kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jihar Sakkwato ta tabbatar akwai na'urar auna bugawar zuciya mai aiki, da wanda ya iya karanta ta, a manyan asibitocin Sabon Birni da Isa, sannan ma'aikatan da ke duba 'yan gudun hijira su riƙa tambayar tsofaffin mata lafiyar ƙirjinsu tun ranar da suka iso.