Jinyar Tsoho a Gida: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

 A wannan watan za mu taɓo wani nauyi da da yawa daga cikinmu ke ɗauke da shi a ɓoye, wato jinyar tsoho a gida, ko mahaifiya ce, ko uwar miji, ko shi kansa maigida idan girma ya kama shi.

Uwargida, kin san yadda abin yake. Ɗakin Inna da aka sani fes, jeren kwalla da fanteka suna ƙyalli, yanzu ya cika da ledoji da tsummoki da ragowar tuwon jiya. Ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa, ta manta, ta ce ke kika ɗauka. Ta ci abinci, baƙi na shigowa ta ce tun safe ba a ba ta komai ba. Ga yara, ga girki, ga 'yar sana'arki, dare ya yi ba ki runtsa ba don tsoron kada ta buɗe ƙofa ta fice.

A Kurfi da Dutsin-Ma abin ya ƙaru a 'yan shekarun nan, domin fitinar 'yan bindiga ta sa an kwaso tsofaffi daga ƙauyuka an kawo su gidajen 'ya'yansu a cikin gari. Tsohon da aka raba da ɗakinsa da maƙwabtansa kuwa, ruɗewarsa ƙaruwa take yi.

Abu na farko, ki sani wannan da muke kira rikicin tsufa sau da yawa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, cutar mantuwa. Ba sharri ba ne, ba maita ba ce, ba kuma tsanarki ta yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da ita sun haura miliyan 55 a shekarar 2021. Don haka kada ki tsaya musu da ita. In ta ce an sace mata kuɗi, ce mata, "Inna, bari mu duba tare." Amma idan ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a hanzarta kai ta babban asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma, domin zazzaɓi, ciwon sanyin fitsari, faɗuwar suga ko ƙarancin ruwa a jiki duk suna kawo haka, kuma suna da magani. In abin ya gagara, sai a nemi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Na biyu, tsarin gida. Ki samu roba guda mai murfi, ki tara magungunanta na hawan jini ko na suga da katin asibiti a ciki, ki ajiye inda yara ba sa kaiwa. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba ta, yana rubutawa a littafi, don kada a ba ta sau biyu. Takardun gona, na gida, na fansho da katin ɗan ƙasa, a damƙa su a hannun wanda 'ya'yanta suka yarda da shi, a gaban shaidu. Wannan zai kare ki daga zargi ranar da ba ta nan.

A rufe bakin rijiya, a kawar da tabarmar da ke harɗe ƙafa, a bar mata fitila da fo a kusa da daddare, kada a bar ta ita kaɗai da kaskon wuta lokacin hunturu. A rubuta lambar wayar maigida a ɗinke mata a jikin mayafi. Gyaran ɗakinta kuma, kada ki yi shi a bayan idonta. Ki zauna da ita kuna hira, yau kusurwa ɗaya, jibi wata. Tsohuwar tasar da kike gani tarkace, wataƙila ita kaɗai ta rage mata daga kayan aurenta.

Na uku, shi ne mafi girma: a raba aikin. Aya ta 23 a Suratul Isra'i da ta yi umarni da kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su, da 'ya'yansu take magana, maza da mata. Wanda ke Abuja ko Legas ya turo kuɗi, madalla, amma kuɗi ba sa wanke zane, ba sa kwana a gaban mara lafiya. Ki samu maigida lokacin da hankalinsa ke kwance, ki nemi ya tara 'yan uwansa, ko da a hutun Sallah ne. A faɗi komai ƙarara: wa zai sayi magani, wa zai kai ta asibiti, wace 'ya za ta zo ta karɓe ki ranar Juma'a ki je ki ga naki iyayen. Kunya ba ta da wuri a nan, don idan kika kwanta, majinyata sun zama biyu.

Ke kuma 'yar da ke aure a nesa, idan kin zo, fara da yi wa matar yayanki sannu kafin ki duba abin da ba a yi ba.

Allah ya ba masu jinya lada, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, ya ba mu masu jin ƙanmu idan namu tsufan ya zo. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.