Wai «boa» kake son kiwo, ɗan'uwa?

Wani sabon yayi ya fara shigo mana ta waya: saurayi ya rataya maciji a wuya, ya ɗauki hoto, ya ce yana kiwon «boa». Har na ji wasu cikinmu suna lissafin jika nawa za su ba yaran ƙauye su kamo musu ƙarami in an tahi hutu Ibohamane ko Keita. To ni dai na ce a'a, kuma daga sunan ma zan fara.

Abin da Faransancin nan namu yake kira «boa», mesa ce. Boa na ainihi, wanda ake nunawa cikin bidiyon Turawa, macijin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne, haihuwa yake yi. Mesa ƙwai take sakawa ta naɗe a kai. In ka ce wa tsohuwarka «zan kawo mesa ɗaki», ka san amsar da za ka samu. Shi ya sa ake fakewa da kalmar Nasara, don ta rufe abin da Hausa ta riga ta tona. Mesar Afirka tana iya wuce mita 4, kuma macizan wannan dangi suna yin shekara 20 ko fiye a hannun mai kiwo. Kai da kake raba ɗaki da mutum uku, kana jiran kuɗin bursu, kai ne za ka ciyar da ita ɓera da kaza har ɗiyanka su shiga lakwal? Ga zafin watan Afrilu a Tawa, sama da digiri 40. Maciji ba ya daidaita zafin jikinsa da kansa, rami yake nema. Sa shi cikin akwati ƙarƙashin kwano, ka dafa shi ne kawai.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Wa zai kamo? Ba kai ba. Yaro ne ɗan shekara goma sha biyu zai sa hannu ƙarƙashin dutse saboda jika biyunka. Ɗiyar mesa tana da zane-zane a baya. Akwai kuma wani gajeren maciji marar dafi, dangin boa, da ke nutsewa cikin rairayin Sahel, shi ma mai zane. Kasa mai zane ce, kububuwa mai zane ce. Ga idon sabon shiga, da magariba, duk ɗaya suke. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa: mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi, ta fitsari, wani lokaci sai bayan kwana ɗaya ko biyu abin ya tsananta, iyaye suna ganin ya ji sauƙi. Ba banza ba Bahaushe ya laƙaba wa irin wanga maciji «gobe da nisa». Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, ta kuma ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara. Allurar kashe dafi tana da tsada, ba kowace likita ta ƙauye ake samunta ba. Manomanmu suna gamuwa da wanga bala'i ba da son ransu ba, lokacin noma da girbi. Mu kuma mu biya kuɗi a je a tono shi?

Za a ce: gardawa fa? Gardi gadon gidansu ne, tun yana yaro yake bin ubansa, kuma duk da haka ana sarar su. Za a ce Turawa suna yi. Suna yi, da macizan da aka ƙyanƙyashe a hannu, da likitan dabbobi a bakin titi. Ko can ba a wanye lafiya ba: mesar Bama da masu kiwo suka kai Florida ta bazu a daji, ta cinye ƙananan namun dajin Everglades, har gwamnati tana biyan mutane su farauto ta. Sha'awarsu ce kuma ta sa ake kwasar ƙananan mesa dubbai daga Togo da Benin da Ghana kowace shekara.

Kada wani ya ɗauka ina goyon bayan masu sandar da duk macijin da suka gani sai sun kashe. Mesa tana cin ɓeraye da gafiya masu ɓarnar hatsi, kuma tsakanin masu fata da masu sanda ta yi ƙaranci. Amfaninta yana can cikin fadama da duwatsun Adar, ba cikin katon ɗinka ba. Nijar tana cikin yarjejeniyar CITES, tana kuma da doka mai lamba 98-07 ta 1998 kan farauta da kare namun daji. Kafin ka aiki yaron mutane, je ka ofishin ma'aikatan gandun daji a Keita ka faɗa musu abin da kake shirin yi, da Hausa, ka kira ta da sunanta: mesa.