Sauron Ambursa Da Masu Ihun Biri

A makon jiya aka yi muhawara a babban zauren taro a kan ko ya kamata a ci gaba da koyar da ra'ayin Darwin a makarantunmu. Zaure ya cika maƙil, har wasu suka ɗare tagogi. Mai magana na farko bai gama jimla uku ba sai wani daga can baya ya ɗaga murya ya ce, "Kai dai kakanka ne biri!" Aka bushe da dariya, aka yi ta dukan tebur, shugaban zama ya yi ta roƙon a yi shiru amma a banza. Sa'a biyu aka kwashe a haka, sa'an nan aka watse, kowane ɓangare yana cewa shi ya yi rinjaye. Abin da ya ba mu kunya shi ne, cikin dukan waɗanda suka miƙe, masu suka da masu goyon baya, babu ko ɗaya da ya tsaya ya faɗi abin da ra'ayin ya ƙunsa. An yanke hukunci ba a karanta ƙarar ba.

Mu da muke wannan rubutu, galibinmu mun riƙe allo kafin mu riƙe fensir, kuma a sahu ɗaya muke tsayawa da masu ihun nan. Saboda haka kada wani ya yi mana barazana da cewa mun bar hanya. Abin da muke faɗi shi ne, masu neman a cire wannan darasi daga manhaja sun yi kuskure, kuma in aka biye musu, ba ɗan jami'a ne zai fara ɗanɗana kuɗarsa ba, talakan ƙauye ne.

Ga abin da aka kasa faɗi a zaure. Kowane manomi ya san zangarniyar gero ba ta zama daidai da 'yar'uwarta. Idan kaka ta yi, yakan ware waɗanda suka fi tsawo da cikar ƙwaya ya ajiye su iri, domin ya san ɗa yakan ɗauko uwa. Bafillace ya san bijimin da zai bar wa garke da wanda zai dandaƙe. Da wannan zaɓe na hannu, cikin ɗaruruwan shekaru, aka sami Bunaji fara, da Rahaji ja mai dogayen ƙaho, da Gudali ta Sakkwato. Shi kansa Charles Darwin daga nan ya fara littafinsa na 1859, daga masu kiwon dabbobi da masu kiwon tattabaru na Ingila. Abin da ya ƙara, shi da Alfred Wallace wanda ya gano haka daban a 1858, tambaya ce guda: in babu manomi, babu makiyayi, wa ke zaɓe? Amsarsu ita ce yanayin da halitta take ciki. Ana haihuwar 'ya'ya fiye da waɗanda abinci da wuri za su iya ɗauka. 'Ya'yan nan sun bambanta, kuma ana gadon wani sashe na bambancin. Wanda bambancinsa ya dace da fari, ko sanyi, ko cuta, ko maƙiyin da ke wurin, shi ya fi kai wa ga haihuwa, sai siffarsa ta yawaita a zuriya mai zuwa. Iyakar zaɓin yanayi ke nan. Kamar rariya yake: ba ta ƙirƙirar gari, ba ta kuma san abin da take yi ba, amma abin da ya sauka ƙarƙashinta ya bambanta da abin da aka zuba a kanta.

Wanda ke ganin wannan tatsuniyar Turawa ce, to, ya hau mota ya tafi Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. A 1954 aka fara wani aikin gwaji na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin Lardin Sakkwato na wancan zamani, ana bi gida gida ana fesa magani a bangon ɗakuna. Cikin magungunan akwai wani mai ƙarfi da ake kira dildirin. Da farko sauro ya yi ta zuba kamar ƙasa. Kafin shekara biyu ta cika, a 1955, sai aka tarar da sauro yana zama a kan bangon da aka fesa ya tashi lafiya lau. Aka ɗauki irin sauron nan na Ambursa zuwa Landan, wani masani mai suna George Davidson ya yi kiwonsa, ya haɗa shi da sauron da magani ke kashewa, ya nuna a 1956 cewa wannan juriya gadonta ake yi, kuma ƙwayar gado guda ce ke ɗauke da ita. Sauro bai koyi kome ba, bai kuma saba da guba yadda mutum ke sabawa da barkono ba. Tun kafin a zo da magani akwai 'yan tsiraru masu wannan ƙwaya. Fesawa ta kashe sauran, ta bar musu fili, su kuwa suna hayayyafa cikin 'yan makonni. Wannan abu a ƙasarmu ya faru, a ɗakunan kakanninmu, masana na duniya suna ambatonsa har yau, mu kuwa muna zaure muna ihun biri.

Haka aka yi da kulorokwin. Iyayenmu sun san shi, mai ɗaci, mai sa ƙaiƙayi, amma yana aiki, ga shi da araha. Wajen ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin ƙwayar zazzaɓi da ba ta jinsa a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka. A 1978 aka gan ta a Afirka ta Gabas, daga nan ta ratso nahiyar, har a 2005 tilas Nijeriya ta sauke kulorokwin daga matsayin maganin farko ta koma ga haɗin da ke da atemisinin. Yara nawa aka binne a tsakanin nan, Allah kaɗai Ya sani. Ga kuma wani abin lura: ƙasar Malawi ta daina ba da kulorokwin tun 1993, kuma cikin shekara goma sai ƙwayar da ke jin maganin ta dawo ta mamaye ƙasar, domin juriya tana da tsada ga mai ita, in babu magani sai ta zame masa kaya. Wanda ya fahimci zaɓin yanayi ba zai yi mamakin wannan ba. Wanda bai fahimta ba kuwa, shi ne zai zama jami'in lafiya gobe ya ce magungunan zamani ne ba su da albarka.

Sai wanda ya fi kusa da mu, wanda ke yawo a jininmu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin gadon amosanin jini, watau AS, kuma ana ƙiyasta cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da cikakkiyar cutar kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Me ya sa ƙwayar gado mai wahalar da yara haka ba ta ƙare ba, kuma me ya sa ta yi yawa a nan alhali da wuya a same ta a ƙasashen sanyi? Anthony Allison ya ba da amsa a 1954 bayan binciken da ya yi a Afirka ta Gabas: yaron da ke AS yana da kariya mai ƙarfi daga zazzaɓi mai tsanani. A ƙasar da sauro ke sarauta, mai AA zazzaɓi na ɗibarsa, mai SS cutar na ɗibarsa, mai AS shi ke ratsawa ta tsakiya ya girma ya yi aure. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa SS. Yanzu limamai da dama ba sa ɗaura aure sai sun ga takardar gwajin jini, Jihar Kano ma ta mai da gwajin doka a 2024. Madalla da haka. Amma muna tambayar 'yan'uwanmu masu ihu: yaya za ku karɓi takardar ku ƙi ilmin da ya bayyana dalilinta?

Mun san amsar da za su bayar, gama ita ce mafi ƙarfi a hannunsu. Za su ce sauron Ambursa sauro ya shiga, sauro ya fito, bai zama ungulu ba. Gaskiya ne. Amma shekara ɗaya da 'yan watanni aka ba shi. Me rariyar nan za ta yi in aka ba ta shekara miliyan ɗari? Duwatsun ƙasarmu suna da abin cewa. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato a ƙarƙashin teku ta taru, cike take da ɓawon halittun ruwan gishiri. A wajen Goronyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku da babu irinsa yau, har aka laƙaba masa sunan garin. A Gadufawa ta hamadar Nijar an tono kada mai tsawon da ya kusa na bas, da manyan dabbobin da suka rayu shekara miliyan 110 da suka wuce. A hamadar Jurab ta Cadi, a 2001, aka sami ƙoƙon kan da aka raɗa wa suna Tumai, mai shekara wajen miliyan 7. Kuma ba a tarar da waɗannan a cakuɗe ba, kowane rukuni yana da shimfiɗar dutsensa, na da a ƙasa, na baya a sama. Wanda zai rushe ra'ayin nan, hanya a buɗe take: ya tono mana ƙashin akuya a shimfiɗar kadan Gadufawa. Ihu ba ya tono kome.

Game da biri kuwa, Darwin bai ce mutum ɗan birin da ke ɓarna a gona ba ne. Abin da masana wannan fanni suke cewa shi ne jikin mutum da na manyan birai suna komawa ga tushe guda mai nisa ƙwarai. Ba za mu ɓoye ba, wannan magana tana da nauyi ga mai imani, kuma yadda za a fahimce ta tare da abin da aka saukar game da Annabi Adamu, alaihis salam, aiki ne na malamai masu zurfin ilmi, ba na ɗan aji biyu ba, ko mu ko su. Amma madubin ɗakin gwaji bai taɓa hango cewa babu Mahalicci ba, ba aikinsa ba ne, ba shi da idon da zai ga haka. Mun karanta yadda tururi ke tashi daga teku ya zama girgije, bai hana mu fita roƙon ruwa ba. 'Yan tsirarun nan namu da suka karanta rabin littafi suka shiga yi wa masu salla kallon ƙauyawa, su ma ba su san iyakar abin da suke riƙe da shi ba, kuma sun taimaka wajen ɓata zauren nan.

Akwai ƙorafi guda da muke karɓa hannu biyu. An yi amfani da sunan Darwin an wulaƙanta baƙar fata. Shi kansa a littafinsa na 1871 ya jera jinsunan mutane sama da ƙasa irin na Turawan zamaninsa. A 1906 an ajiye wani mutumin Kwango mai suna Ota Benga a ɗakin birai na gidan namun daji na Bronx a birnin New York ana kallonsa. 'Yan mulkin mallaka sun sha fakewa da cewa mai ƙarfi shi ya cancanci rayuwa. Duk wannan ya faru. Sai dai ilmin nan ne kuma, da ya girma, ya tsinka wa masu wariya mari, ya nuna cewa daga Afirka dukan 'yan Adam suka bazu, kuma bambancin gado tsakanin Bahaushe da Bature ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Abin dariya shi ne, masu zarginmu da bin Turawa, hujjojin da suke karanto mana daga Amurka aka yi musu dakonsu. A can ne, a Jihar Tennessee, aka ci wani malamin makaranta John Scopes tarar dala 100 a 1925 don ya koyar da wannan darasi. A can ne wasu masu wa'azin Kirista suka fitar da littafi a 1961 suna cewa duniya ba ta wuce 'yan dubban shekaru ba, suka tsara yawancin tambayoyin nan da ake jefo mana kamar sababbi. Kotun ƙolin ƙasar ta hana cusa wannan koyarwa a ajin kimiyya a 1987. Daga baya wani mutumin Turkiyya mai laƙabin Harun Yahya ya kwashe hujjojin ya sa musu rawani, ya buga su cikin manyan littattafai masu sheƙi ya rarraba a duniya, shi kuwa tun 2018 yana tsare, kotun ƙasarsa ta ɗaure shi bisa manyan laifuffuka. Wannan ita ce rijiyar da ake ɗebo mana ruwa, ana ce mana ta gidanmu ce. Alhali kuwa Al-Jahiz na Basra, tun ƙarni na 9, ya cika mujalladai da lura da dabbobi, wa ke cin wa, wa ke tsere wa wa, bai ji tsoron imaninsa zai zube ba.

Akwai kuma wata hanya ta uku da da yawanmu suka bi tun daga sakandare, wadda a ganinmu ta fi ihu muni: a haddace babin a zuba wa mai jarrabawa, a fito a karkaɗe riga. Da irin wannan ne ake samun mai digiri a kimiyyar halittu da zai sha maganin zazzaɓi kwana ɗaya, ya ji sauƙi, ya ajiye sauran don wani karo, bai san ya yi wa ƙwayar cutar tankaɗe da hannunsa ba. A 2020 an ba da rahoton ƙwayar zazzaɓi da ta fara jure wa atemisinin a Ruwanda, a 2021 kuma a Uganda. Ta gabas kulorokwin ya fara mutuwa kafin abin ya iso mu.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai su sake kiran wannan muhawara kafin hutu, bisa sharaɗi guda: duk wanda zai hau mumbari, mai suka ne ko mai goyon baya, a ba shi minti biyar tukuna ya bayyana wa zaure yadda sauron Ambursa ya tsira daga dildirin. In ya iya, a miƙa masa lasifika ya faɗi son ransa, za mu saurara har ya gama. In ya kasa, ya koma ya zauna, ɗakin karatu yana buɗe har dare.