Kafin Ka Fara Sa Wa Mutane Kyamara Da Ƙararrawa, Ka San Nauyin Da Za Ka Ɗauka

Matashin da ya iya gyaran waya ko haɗa sola a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ba zai rasa tunanin ƙara sana'ar sa kyamarar CCTV da ƙararrawar tsaro ba. Kayan suna nan a kasuwannin Kano, bidiyon koyarwa ya cika YouTube, kuma masu shaguna, masu POS da masu rumbunan hatsi duk suna neman abin da zai sa su yi barci da ido biyu a rufe. Kasuwa akwai. Sai dai a ra'ayina, wanda zai shiga wannan harka a yankinmu da tunanin cewa ita ma kamar canza gilashin waya ce, gara ya haƙura tun yanzu.

Takardu tukuna

Matakin farko shi ne rajistar sunan kasuwanci da hukumar CAC, wadda ake iya yi ta intanet daga wayarka. Wasu za su ce ɓata kuɗi ne, tunda a gari kowa ya san kowa. Amma makaranta, asibiti ko ƙaramar hukuma ba za su ba ka kwangila ba tare da takarda da asusun banki na kasuwanci ba. Sannan ranar da jami'an tsaro suka tare ka a hanyar Funtuwa da buhu cike da kyamarori, wayoyi da layukan waya, takardar ce za ta yi maka magana.

Na biyu, ka san iyakar aikinka. Dokar kamfanonin tsaro masu zaman kansu ta 1986 ta hana kowane kamfani yin aikin gadi ko sintiri ba tare da lasisi ba, kuma hukumar Sibil Difens, wato NSCDC, ita ke sa ido a kan irin waɗannan kamfanoni. Sayar da na'ura da ɗaura ta a bango daban, karɓar kuɗin wata da alƙawarin cewa kai da yaranka za ku riƙa lura da gida ku kawo ɗauki idan ƙararrawa ta buga daban. Na biyun ya shiga gonar gadi. Kafin ka yi irin wannan alƙawari, ka je ofishin hukumar a Katsina ka ji sharuɗɗanta.

Na uku, hoton mutane ba naka ba ne. Tun 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC da ke kula da ita. Ɗaukar bidiyon kyamarar wani ka watsa a TikTok ko WhatsApp don tallar aikinka na iya ja maka fitina. Haka kuma layin wayar da za ka sa a cikin ƙararrawa ya zama mai rajista da lambar NIN ta mai gidan, ba taka ba.

Darasin 2021

A watan Satumba na 2021 an katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, aka kwashe watanni a haka. Duk na'urar da ta dogara da data ko saƙon tes kaɗai, a irin wannan lokaci ta zama ado. Wannan ya isa ya koya wa mai sana'a abin da ya kamata ya sayar a nan: jiniya mai ƙarfi da ke aiki ko babu sabis, kyamara mai ajiye bidiyo a memori ko a na'urar da ke cikin gida, da batir da sola da za su riƙe kayan har gari ya waye, domin wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce. Kallon gida ta manhajar waya ƙari ne kawai.

Kuma ka gaya wa kwastoma gaskiya. Kyamara tana maganin ɓarawon da ke fasa shago da dare da yaron shago mai dogon hannu, tana kuma ba da shaida. Ba ta tare 'yan bindigar da suka shigo gari a kan babura. Mutanen da suka ga yadda aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ba su cancanci a sayar masu da ƙaryar kwanciyar hankali ba. Ƙararrawa tana da amfani ne idan akwai wanda zai ji ya motsa. Saboda haka kafin a ɗaura ta, mai gida ya sanar da maƙwabta, mai unguwa da jami'an tsaron yankin, har da dakarun tsaron al'umma da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta ƙaddamar a Oktoban 2023.

Babban lasisin shi ne amana

Nan ne gizo ke saƙa. Mai sa kyamara yana shiga har cikin gida. Ya san ƙofar da ba ta da ƙarfi, ya san lungun da kyamara ba ta gani, ya san inda ake ajiye kuɗi. A yankin da matsalar masu kai wa 'yan bindiga rahoto ta addabi kowa, wannan sani abu ne mai haɗari, gare ka da wanda ka yi wa aiki.

Don haka ka kafa wa kanka ƙa'ida. Da ka gama aiki, mai gida ya canza kalmar sirri da hannunsa, kada a bar wadda na'urar ta zo da ita daga kamfani. Ka goge asusunsa daga wayarka a gabansa. Kada kyamara ta leƙa gidan maƙwabci ko ɓangaren iyali sai da yardar masu wurin. Kada ka ɗauki yaron aikin da ba ka san iyayensa ba. Kowane aiki kuma a rubuta shi: kayan da aka sa, tsawon garanti, da wanda zai biya kuɗin gyara idan tsawa ta ƙona na'ura da damina.

Wajen lissafin riba ma, ka sa kuɗin komawa gyara da haɗarin hanya. Aikin da ke ƙauye mai nisa, wanda ba za ka iya komawa dubawa cikin aminci ba, barinsa ya fi karɓarsa.

Sana'ar tana da kyau, kuma gara 'yan gari su riƙe ta da a riƙa ɗauko baƙi daga nesa. Amma wanda zai daɗe a cikinta shi ne mai takarda a hannu, mai gaskiya wajen ciniki, wanda kuma bakinsa ke rufe a kan abin da idonsa ya gani a gidajen mutane.